Bokiti, Sabulu da Filin Gudu: Abin da Nake Dubawa a Gidan Raino

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, in ka tsaya a kwanar Fijo ko bakin kasuwar Sabon Tasha a Kaduna, za ka gan mu. Goyo a baya, jaka a kafaɗa, kular abinci a hannu, muna tsayar da keke. Wata ma'aikaciyar jinya ce, wata tana da rumfa a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wata koyarwa take yi. Yawancinmu sai mun haye gada mun shiga cikin gari, kuma kafin mu haye sai mun sauke goyon a hannun wata. Na daɗe a cikin wannan ayari, da 'ya'ya uku ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da zan faɗa a nan ba a aji na koye shi ba.

A Makera aka haife ni, mahaifina ma'aikacin masaƙa ne. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, mutane suka yi ta kwararowa wannan ɓangare na kogin Kaduna daga ko'ina. Gidan hayar da na tashi ɗaki goma ne a jere. Akwai Bagwariya, akwai Bajju, akwai Tibi, akwai Bayarabiya, ga mu Hausawa, kuma da Hausa kowa ke yi wa ɗan kowa faɗa. Jariri bai taɓa rasa hannu ba a wannan tsakar gida. In uwa za ta kasuwa, sai ta leƙa ɗakin maƙwabciya ta ce ga shi nan, shi ke nan. Rikicin Kaduna na 2000 da na 2002 suka watsa maƙwabtaka, KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi sahu. Kakar da za ta riƙe jika ta koma Rigasa, ko Kachia, ko Zonkwa. Gwamnatin Kaduna ta mayar da hutun haihuwar ma'aikatanta wata shida a 2019, abin a yaba, amma 'yar kasuwa da malamar makarantar kuɗi ba su cikin wannan rabo. Da yawa wata uku ba ya cika suke komawa nema. Haka gidajen raino suka bazu a Barnawa, Narayi, Television, Unguwar Romi har Gonin Gora, wasu a cikin makarantun nazare, wasu a coci, wasu a falon wata baiwar Allah.

Ɗana na fari yana da wata goma na kai shi irin wannan wuri. Da ido na zaɓa. Bango ya sha fenti da zanen dabbobi, ƙasa tayil, ga talabijin babba, ga antin da ke tarbar mutum da Turanci. A mako na uku ya fara zawo. Na ce haƙori ne, surukata ma ta ce haƙori ne, muka saya masa magani a kemis. A dare na biyu na shafa kansa na ji maɗigarsa ta faɗa. Idanunsa sun zurma, yana kuka babu hawaye, famfas ɗin da na sa masa tun la'asar a bushe yake. Da asuba muka isa asibiti aka ɗaura masa ruwa. Ma'aikaciyar jinyar da ta nemo jijiya a ɗan hannun nan ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago kai ba: “Yara nawa ne ke zawo a inda kike kai shi?” Ban sani ba. Da na bincika, su huɗu ne.

Bayan an sallame mu sai na je wurin da hantsi, lokacin da ba a tsammanin iyaye. Abin da na tarar shi ya sauya mini ido har yau. Roba ɗaya ce da ruwa a bakin ƙofa, duk yaran a ciki ake tsoma musu hannu kafin cin abinci, ruwan har ya yi kauri. Tawul ɗaya. Teburin da ake canza famfas shi ne ake haɗa madara a kai. Fo guda biyar a jere a bayan ɗaki, ƙuda na bi, ba a wanke ba saboda mai ruwa bai zo ba tukuna. Antin kuwa ba muguwa ba ce. Yarinya ce da ba ta wuce shekara ashirin ba, ita kaɗai da yara goma sha ɗaya, ɗaya a bayanta, ɗaya a kafaɗa.

Zawon yara ba daga sama yake faɗowa ba. Babbar hanyarsa ba ta da daɗin faɗa: daga kashi zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Ƙwayar cutar na fita a bayan gidan yaro, ta maƙale a yatsun wadda ta wanke masa, ta hau cokali, ta hau bulumboti, ta hau abin wasan da kowane yaro ke tsotsa. Mun tashi da jin cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne. Ta fuskar cuta ba haka abin yake ba, domin cike yake da ƙwayoyi, kuma shi aka fi sakaci da shi. Fitar haƙori na iya sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma ba ta kawo zawon da ke zuƙe ruwan jiki. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin haƙori shi ne lokacin rarrafe, lokacin da duk abin da yaro ya tsinta sai ya kai baki.

Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna wanke hannu da sabulu na rage zawo da kusan kashi ɗaya cikin uku, har da a wuraren rainon yara. Babu maganin kemis da ya kai wannan araha. Sai dai da sharaɗi. Ruwan ya zama mai zuba, ba na tsomawa ba. Sabulu ya yi kumfa, a cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na kamar daƙiƙa 20. A yi bayan an wanke wa yaro, bayan ban ɗaki, kafin a haɗa abinci, kafin a ba shi. Hannun mai raino ya fi na yaron muhimmanci, don ita ce ke yawo daga wannan zuwa wancan. Tawul na tarayya kuwa yana mayar da aikin baya. Gara a yarfe hannu iska ta busar.

Za a ce ina ruwan? Gaskiya ne, a unguwanninmu da dama famfo ya zama tarihi, rijiya da burtsatse da 'yan garuwa ake dogaro da su, kuma a watan Maris da Afrilu rijiyoyi kan ja baya. Amma mun riga mun nuna za mu iya. A 2014, da Ebola ta shigo Najeriya, sai da aka ɗage komawa makaranta, kuma da aka koma kowace ƙofa da bokitinta mai famfo. A 2020 korona ta sake dawo da su. Wannan bokitin, wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi, shi ya sa ake kiran sa da sunanta. Ina suke yanzu? Na ga wani an mayar da shi mazubin shara, wani ana jiƙa wanki a ciki. Tsoro ne ya kawo su, da tsoron ya tafi sai suka bi shi. Alhali zawo da ke kwantar mana da yara kowace damina bai je ko'ina ba, kwalara ma ba ta yi nisa ba: a 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu.

Wurin da na koma da ɗana, kuma daga baya na kai ƙannensa biyu, ba shi da ko allon suna. Gidan wata dattijuwa ne da ta yi ritaya daga aikin lafiya, kowa Mama yake ce mata, Musulmi da Kirista. Ba ta da tayil. Siminti ne da tabarmi, da bishiyar mangwaro a tsakar gida, da tulin yashi a gefe. A jikin wani itace ta rataye jarkar man gyaɗa mai lita biyar, ta huda ta da ƙusa mai zafi kusa da wuya, ta ɗaura igiya daga bakinta zuwa wata sanda a ƙasa. Yaro ya taka sandar, jarka ta karkace, ruwa ya tsiyayo siriri. Sabulu na rataye a cikin tsohuwar safa, kada ya faɗi ƙasa ko akuya ta ci. Ba hannun da ke taɓa famfo, ruwa kuma ba ya ɓarna. Fo ana juye shi a masai nan take, a wanke, a kife a rana. Wajen canza famfas tabarmar roba ce a lungu guda, nesa da inda ake cin abinci, kuma wadda ta canza ba ta taɓa komai sai ta taka sandar nan.

Ranar da na fara zuwa, kafin ta yi maganar kuɗi, katin rigakafi ta nema. Ta sa tabarau ta bi shi layi-layi. Yau abin dubawar ya ƙaru, domin tun watan Agustan 2022 Najeriya ta sa rigakafin rota cikin na yau da kullum, wato ƙwayar da ta fi haddasa zawo mai tsanani ga jarirai. Ɗigo ne a baki, a mako 6 da 10 da 14, kyauta a asibitocin gwamnati da na sha-ka-tafi. Na ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15, kuma wannan na biyun shi iyaye suka fi mantawa. Duk wanda ya ji yadda mashaƙo ta ɗauke yara a Kafanchan a 2023 ya san kati ba takardar ado ba ce. Inda yara ashirin ke shaƙar iskar ɗaki ɗaya, wanda ba a yi wa allura ba haɗari ne ga kansa da jaririn da bai isa yi ba tukuna.

A kan kantar Mama kullum akwai ƙullin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira ORS, da ƙwayar zinki. Ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, a ci gaba da nono da abinci, a ba shi zinki kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. In ya kasa sha, ko yana amai ba tsayawa, ko an ga jini, ko jikinsa ya saki, asibiti kai tsaye. Da na san wannan a daren nan, da ba mu kai ga ɗaura ruwa ba.

Tana da wata doka da ta sha haɗa ta da iyaye: yaro mai zawo, ko zazzaɓi, ko ƙuraje, ko jan ido irin na afolo, ba ya shiga. Na ga mace ta tsaya a ƙofa kamar za ta yi kuka, ga kaya ta saro, ga yaro da zafin jiki. Na san wannan tsayuwar, ni ma na yi ta. Mama takan ce, “'Yata, in na karɓe shi yau, jibi uwa goma ce ba za ta fita ba.” Dokar da ɗaci, amma ina bayanta.

To sai maganar da ta fi ba ni wuyar karɓa. Kullum na je ɗauko yaro sai in same shi buɗu-buɗu, gwiwa da jar ƙasa, yashi har cikin aljihu. A wancan gidan na farko kuwa yadda na kai shi haka nake ɗauko shi, riga tas. Wata rana na kasa haƙuri.

“Mama, wannan rigar fa? Jiya na wanke ta.”

Ta kamo hannunsa ta buɗe mini tafin. “'Yata, riga omo ke wanke ta. Nan za ki duba.”

Hannun fes, farce a yanke. Sai daga baya na gane abin da rigar nan mai tsabta ta gidan farko take nufi: yaron wuni yake a zaune, ido a talabijin.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida kan motsin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma alƙalumanta sun ba ni mamaki. Daga shekara ɗaya zuwa huɗu, yaro na buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, awa uku ke nan, a warwatse cikin wuni. Ga 'yan shekara uku da huɗu, minti 60 daga ciki ya zama irin wanda ke sa haki. Kada a ɗaure yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a lokaci ɗaya, ko a kujera ko a baya. Wanda bai kai shekara biyu ba, babu ruwansa da kallon talabijin ko waya. Daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya. Jaririn da bai fara rarrafe ba kuma a riƙa kifa shi a kan cikinsa yana farke, ana kallonsa, jimillar minti 30 a rana, don wuya da kafaɗa da baya su yi ƙwari. In barci zai yi, rigingine za a kwantar da shi.

A auna wannan da abin da muke gani. Fili ya yi tsada, an yanka kowane fegi an gina, shaguna uku sai su zama makaranta. Ɗan shekara uku na zaune a kujerar roba daga takwas zuwa ɗaya yana kwafar baƙaƙen da yatsunsa ba su isa riƙe musu fensir ba. In ya miƙe a daka masa tsawa. Laifin kuma ba na masu makaranta kaɗai ba ne. Mu ne ke tambayar ina aikin gida, mu ne ke alfahari ɗanmu ya iya ƙirga ɗari da Turanci, mu ne ke faɗa in safa ta yi datti. Abin da muka nema shi ake sayar mana. Alhali gudu da tsalle da hawa da faɗuwa su ke gina ƙashi da tsoka, su ke kawo yunwa da barci mai nauyi, kuma hannun da ya damƙi yashi ya gina ɗakin ƙasa shi zai fi iya riƙe alƙalami in lokaci ya yi.

Goyo abin alfaharinmu ne, ba na ƙin sa. Yaro na samun ɗumi da natsuwa a baya. Amma goyon da mai raino ke yi tun safe har azahar don ta samu hannun aiki, wannan ɗauri ne. A sauke shi a tabarma ya yi birgima.

Ba sai an sayo lilo daga waje ba. A gidan Mama tsohuwar taya ce, da igiyar tsalle, da ƙwallon tsumma, da layukan 'yar gala-gala da ake zanawa da gawayi. Manyan na langa da wasan ɓuya, ƙananan na bin su da rarrafe. Ana tafi ana rawa, waƙar gaɗa ta bi waƙar Gbagyi. Mata da maza duk gudu suke, ba ta yarda a ce wa yarinya ta zauna don ita mace ce. Lokacin zafi da sassafe ake fita, kafin rana ta take, ana bin su da kofin ruwa, kowa da nasa. Da hunturu a yayyafa wa tsakar gida ruwa don ƙura ta kwanta, a shafe musu ƙafa da man kaɗe. Da damina barcin rana a gidan sauro ake yi, kuma in masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sun zo zagayensu na wata-wata, wanda ake ba 'yan wata 3 zuwa 59, ita ke tuna wa iyaye sauran ƙwayoyin kwana biyun da za a ƙarasa a gida. Sakin yaro ya yi wasa kuma yana da nasa nauyin: rijiya da murfi da kwaɗo, babu bokitin ruwa a buɗe, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai tatata in ya faɗa da ka, janareta can nesa da taga.

Abinci ba zan tsawaita ba. Kular da aka zuba tun shida na safe, in ba mai riƙe zafi ba ce, kafin azahar ta zama wani abu. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye haka nan ba a sake ɗumama shi sosai ba. Biskit da lemon roba kuma ba kalaci ba ne, ga faten wake, ga faten acca, ga kunun gyaɗa, ga awara da dafaffen ƙwai. Akwai kuma abin da iyaye ke raɗe-raɗinsa, ni a fili zan faɗa: in kullum kika ɗauko yaro kika same shi a mace da barci, jiki lakwas, ki tambaya ko ana ba shi maganin mura mai sa barci. Babu mai ikon ba ɗanki magani ba da saninki ba.

Dokoki akwai su. Najeriya na da manufar kula da ƙananan yara tun 2007, akwai ƙa'idojin da aka gindaya wa cibiyoyin raino, jihar Kaduna ma na da hukumar tabbatar da ingancin makarantu. Amma a iya shekarun da na yi ina kai yara, ban taɓa cin karo da mai duba gari a ƙofar ɗakin raino na cikin unguwa ba. Ina so in ga ranar da jami'an lafiya na Chikun da Kaduna ta Kudu za su riƙa leƙa waɗannan ɗakuna, ba don su rufe su ba, don su koya wa masu raino aiki. Kuma a faɗi gaskiya game da antin nan. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma waɗanda na sani ba su ganin ko kusa da haka. Mace ɗaya da jarirai goma ba za ta wanke hannu sau talatin a wuni ba, komai imaninta. A gidan Mama mu iyaye muka yanke wa kanmu: kowace uwa sabulu ɗaya a wata, kuɗin mai ruwa kuma karo-karo, aka ƙara mataimakiya ta uku.

Watan jiya ƙanwata ta roƙe ni in raka ta duba wani wuri a Narayi, hutunta ya kusa ƙarewa. Muka je da ƙarfe sha ɗaya ba sanarwa. Mai wurin ta fara nuna mana ofis da hotunan bikin yaye ɗalibai. Na ce, “Hajiya, don Allah ban ɗakin yara nake son gani.” Ta ɗan yi jim, sannan ta wuce gaba muka bi ta. Akwai bokiti mai famfo, akwai ruwa a ciki. Na taɓa sabulun na ji shi a jiƙe, ya kuma siraɗe ta tsakiya. Ta bayan ginin muna jiyo ihun yara da ƙarar taya a kan tsakuwa. Ƙanwata ta kwance goyonta, ta tambaya ko za ta iya zama nan gefe ta ga yadda ake ba su abincin rana.